Hajiya, ba kowane zafin gaba ne sanyi ba

Wata baiwar Allah daga Gombe ta aiko da wannan saƙo:

"Assalamu alaikum Anti. Shekarata 54, kuma shekara huɗu ke nan da al'adata ta ɗauke. Yau wata tara ina fama da raɗaɗi a gabana kamar an barbaɗa barkono, musamman bayan fitsari da cikin dare. Babu ruwa mai wari, ƙaiƙayin ma jefi-jefi ne. Sau huɗu ina sayen maganin sanyi a kemis, har allurai an yi min. Ina zama a ruwan zafi da bagaruwa da Dettol, ina turaren tsuguno, an ba ni na matsi, amma abin sai gaba yake yi. Ranar girkina ta zama ranar fargaba, har Alhaji ya fara cewa na canja. Zuciyata na raya min amarya ce ta kawo mana ciwo, wata ƙawata kuma ta ce jifa ne. Kunya ta hana ni zuwa asibiti. Ni da surukai da jikoki, in je in buɗe wa yaro sa'an ɗana jikina? Don Allah ki ba ni shawara."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu Hajiya, sannu ƙwarai. Wata tara kina kwana da wannan wuta ke kaɗai, kina tashi ki yi wa gida hidima kamar ba komai. Allah Ya sa kaffara ne, Ya kawo sauƙi cikin gaggawa.

Ban ga jikinki ba, kuma ba a yanke wa ciwo hukunci daga wasiƙa. Amma abin da kika zayyana ya yi kama sosai da wata lalura da kusan rabin matan da suka daina al'ada suke haɗuwa da ita, kowacce gwargwadon nata, wato bushewa da sirancewar fatar gaba. Yawancinsu ba sa faɗa, shi ya sa kowacce take zaton ita kaɗai ce.

Tun daga balaga, ma'ajiyar ƙwan mace tana fitar da wani sinadari da ake kira istrojin. Shi ne yake sa fatar farji ta yi kauri da taushi, jini ya riƙa gudana sosai a wurin, ni'ima ta riƙa sauka. Shi ne kuma yake ciyar da wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a ciki, waɗanda suke sa wurin ya kasance da ɗan tsami, tsamin da ke hana miyagun ƙwayoyi zama. A ma'aunin likitoci, tsamin nan yakan tsaya tsakanin 3.8 da 4.5 ga macen da take al'ada. Idan al'ada ta ɗauke, abin da ke faruwa ga yawancin mata tsakanin shekara 45 da 55, istrojin sai ya yi ƙasa warwas. Fatar ta yi siriri, ta bushe, tsamin ya ragu har ma'aunin ya haura 5, masu gadin wurin su watse. Kin san yadda leɓe yake tsagewa da hunturu, ko miya mai ɗan yaji ta taɓa shi sai ya yi zugi? To haka wurin ya koma, sai dai shi nasa hunturun ba ya wucewa da kansa. Fitsari ya taɓa shi ya yi raɗaɗi, zufa ta taɓa shi ya yi raɗaɗi, balle kuma saduwa. Mafitsara da hanyar fitsari su ma da istrojin suke rayuwa, don haka wasu matan suke haɗawa da yawan fitsari da ciwon mafitsara mai tafiya yana dawowa. A shekarar 2014 ne ma ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sauya wa lalurar suna domin ya ƙunshi gaba da mafitsara gaba ɗaya. Zafin jikin nan da gumin dare da kika yi fama da su a farkon ɗaukewar al'ada, in kin yi, yawanci sukan lafa bayan 'yan shekaru. Ita bushewar kuwa in an bar ta ƙaruwa take yi.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna a wasiƙarki. A ƙasar nan tamu duk abin da ya taɓa mace daga cibiya zuwa gwiwa sunansa ɗaya, sanyi. Ƙaiƙayi sanyi, ciwon mara sanyi, rashin haihuwa sanyi, bushewa ma sanyi. Sai ki je kemis ki faɗa da ƙaramar murya, a ɗaure miki ƙwayoyi kala uku da na cusawa, ba wanda ya duba, ba wanda ya auna. Sau huɗu kin sha, Hajiya. Da ƙwayar cuta ce irin wadda magungunan nan suke kashewa, ai da tuni kin ga canji. Abin da suka yi miki shi ne sun ƙarasa kashe ragowar masu amfanin da suka saura. Ita kanta cutar farin ruwa mai kama da cuku, wadda likitoci ke kira kandida, ba ta cika kama macen da ta daina al'ada ba, saboda ta fi son jikin da istrojin ya wadata. In aka same ta a mace mai shekarunki, sai a tambayi dalili: ko ciwon suga, ko yawan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Sai ruwan zafi da bagaruwa da tsuguno da matsi. Na san daga inda muka gaje su. Da su aka yi mana jego, da su aka gyara mu muna amare, kuma iyayenmu da kyakkyawar niyya suka koya mana. Amma jikin 'yar shekara 20 da ta haihu daban yake da jikinki na yau. Bagaruwa aikinta ta tsotse ruwa ta ɗaure fata, ai da ita majema suke jimar fata. Ke kuwa matsalarki rashin ruwan ne. Hayaƙin tsuguno zafi ne da turare a kan fatar da ta riga ta tsage. Dettol ba a yi shi don wannan wuri ba. Haka kanumfari, tafarnuwa, miski, sabulu mai ƙamshi, da duk wani haɗi da ake sayarwa a kwalba ko a WhatsApp da sunan matsi ko ƙarin ni'ima. Akwai kuma mayukan nan na kemis masu haɗi uku da ake shafawa ga kowane ƙurji. A cikinsu akwai sitiroyid, maganin kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, wanda in an daɗe ana shafa shi ba bisa ƙa'ida ba yake ƙara sirantar da fata, akwai kuma wani maganin da fatar mutane da yawa ba ta jituwa da shi. Na sha ganin matan da rabin ciwonsu maganin da suke yi ne. Ba laifinki ba ne, abin da aka ce ki yi kika yi. Amma daga yau ina roƙonki ki ajiye su duka, har da wanda kike ganin yana ɗan sanyaya miki na minti biyar.

Abin da za ki yi a gida kafin ki ga likita kaɗan ne, kuma ba ya cin kuɗi. Tsarki da ruwa zalla, mai sanyi ko mai ɗan ɗumi, waje kawai, ba tura yatsa, ba soso, ba sabulu. Ki ɗan danna da tsumma mai laushi ya tsane, kada ki goga. Bayan nan ki shafa Vaseline fari marar turare, siriri, a bakin wurin daga waje. In fitsari ne yake tayar miki da shi, ki shafa kafin ki shiga banɗaki, ki kuma riƙa zuba ruwa daga buta a lokacin da kike yi, zai rage kaifinsa. Kada ki rage shan ruwa don gudun fitsari, mata da yawa suna yin haka, alhali fitsarin da ya yi kauri ya fi ƙuna. In ya taso cikin dare, ki jiƙa tsumma da ruwan randa ki ɗora na kamar minti goma. In ƙanƙara ce, a naɗe ta a zane, kada ta taɓa fata kai tsaye. Kamfai na auduga, mai saki, a ɗauraye shi sosai har sabulun wanki ya fita, da dare kuma ki kwana ba shi. Wandunan roba masu kama jiki da ake sawa ƙarƙashin zane, ki huta da su, musamman in zafin Gombe ya kankama a watan Maris da Afrilu. Gashin mara kuma ki rage shi da almakashi a wannan tsakanin, ki bar reza da man cire gashi sai wurin ya warke.

Wannan zai rage, amma ba zai mayar da abin da jiki ya rasa ba. Maganin da yake taɓa tushen lalurar shi ne istrojin na shafawa ko na sanyawa a farji. Yana zuwa a matsayin mai ko 'yar ƙaramar ƙwaya, da sunaye irin su Ovestin, Premarin da Vagifem. Yadda aka fi bayar da shi: kullum da dare na kamar mako biyu, daga nan sau biyu a mako. Wasu kan ji sauƙi cikin 'yan makonni, amma cikakken amfaninsa yakan kai wata uku, don haka kada ki yanke ƙauna a mako na farko, ko da ya ɗan yi miki zafi a kwanakin farko saboda fatar a tsage take. In aka daina, bushewar takan dawo, shi ya sa mata da yawa suke ci gaba da shi shekaru. Na san da an ce sinadari sai gaban mutum ya faɗi, a tuna da ciwon daji. Wannan ba ɗaya yake da ƙwayoyin istrojin na haɗiya ba. Kaɗan ne ƙwarai yake shiga jini, aikinsa a wurin yake tsayawa. A Ingila tun 2022 aka yarda matan da suka kai shekara 50 kuma suka shekara ba al'ada su sayi wani nau'insa a kantin magani ba tare da takardar likita ba, bayan mai harhaɗa magani ya yi musu tambayoyi. Duk da haka ban ce ki aika a sayo miki ba. Macen da ta taɓa yin ciwon dajin nono ko na mahaifa, ko take ganin jini bayan al'ada ta ɗauke, dole likita ya fara dubawa ya yanke shawara. Kuma akwai wani dalilin da ya fi wannan: bushewa ba ita kaɗai ce ke kawo irin wannan raɗaɗi ba, sauran kuwa sai ido ya gani.

Akwai wata cutar fata da ta fi kama mata masu shekarunmu, likitoci na kiranta laikin siklerosus. Fatar wurin takan yi fari-fari, ta yi sheƙi ko ta yamutse kamar takardar da aka dunƙule, tana tsagewa, da ƙaiƙayi mai hana barci, wani lokaci kuma raɗaɗi kawai. A baƙar fata irin tamu farin yakan fito fili, har wasu su tsorata su ɓoye. Ba a ɗaukarta daga kowa, ba a kuma shafa wa kowa. Istrojin ba ya warkar da ita. Maganinta man sitiroyid mai ƙarfi ne, klobetasol, da ake shafawa bisa tsari na kimanin wata uku: kullum a watan farko, ana tsallake kwana a na biyu, sau biyu a mako a na uku. Kin ga shi wannan sitiroyid ɗin da na hana ki a sama, a nan shi ne magani. Bambancin shi ne an san cutar, an san adadin, ana kuma bibiya. In aka yi sakaci da ita takan manne leɓɓan wurin ta ƙuntata ƙofar, kuma ƙasa da mace 5 cikin 100 masu ita kan kai ga ciwon daji a wurin. Adadin kaɗan ne, amma ya isa ya sa a duba.

Sai ciwon suga. Mata nawa ne aka gano sugansu ta dalilin ƙaiƙayi da zafin gaba? Suga in ya yi yawa a jini yakan fita ta fitsari, ya zama abinci ga kandida. Wasu daga cikin sababbin magungunan suga ma da gangan suke fitar da shi ta fitsari, don haka in kina shan magani ki tafi da kwalinsa. Gwajin ɗigon jini ne da safe kafin a ci komai. In ya kai 7 a ma'aunin da yawancin ɗakunan gwajinmu ke amfani da shi, ko 126 a ɗaya ma'aunin, ana maimaitawa a tabbatar. Haka ɗigar fitsari idan an yi tari ko atishawa, wadda ta zama ruwan dare ga matan da suka haihu da yawa: danshin da ƙunzugun da ake sawa kullum su kansu suna cin fata. Wani lokaci kuma a duba komai a ga fata lafiya lau, gwaji lafiya lau, amma zafi na nan fiye da wata uku. Wannan jijiyoyin wurin ne suka zama masu saurin jin ciwo, ko auduga ta taɓa sai a ji kamar wuƙa. Ciwo ne na gaske, ba raki ba ne, kuma ana rage shi da man kashe zafi, da ƙananan ƙwayoyin kwantar da jijiya irin su amitiriftilin, da gashin ƙashi na tsokokin ƙugu a wurin ƙwararru.

In kuwa akwai gyambon da ya ƙi warkewa, ko kumburi mai tauri, ko jini ko da ɗigo ne bayan shekara huɗu ba al'ada, ko zazzaɓi da ciwon kwiɓi tare da zafin fitsari, to wannan ba na jiran ƙarshen wata ba ne. A makon nan za ki je.

Batun kunya. Na fahimce ki, wallahi na fahimce ki, da ita aka raine mu kuma ado ce. Amma Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba, kuma tambayoyinsu a kan haila da wanka suke. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A nan cikin gari kina da Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Ƙwararru na jiha, duk suna da sashen mata. Kina da damar ki ce mace kike so ta duba ki. In ba a samu a ranar ba, ki tambayi ranar da take zama, ko ki nemi ma'aikaciyar jinya ta tsaya tare da ke. Ki tafi da babbar 'yarki ko ƙanwarki in hakan zai kwantar miki da hankali. Dubawar 'yan mintuna ce, kuma ki gaya musu tun farko cewa wurin yana ciwo don su bi a hankali su yi amfani da ƙaramin kayan aiki. Ki daina cusa komai kwana biyu ko uku kafin ki je don kada gwajin ya rikice. Ki zuba duk abin da kika sha ko kika shafa a leda ki tafi da shi, har da na gargajiya, kada ki ɓoye ko ɗaya. In bakinki ya yi nauyi, ga abin da za ki ce: "Al'adata ta ɗauke shekara huɗu, gabana yana raɗaɗi wata tara, na sha maganin sanyi sau huɗu bai yi ba. Ina so a duba fatar da ido, a auna fitsari da suga, a gaya min ko bushewa ce." In aka ce za a ɗan yanki fata kamar ƙwayar gero a kai ɗakin gwaji, kada ki firgita, ana kashe wurin tukuna, kuma ta haka ake rabe cutar fata da wani abu. In kuma aka rubuta miki maganin sanyi karo na biyar ba tare da an duba ba, ki nemi a tura ki wurin likitan mata.

Game da amarya, ina roƙonki ki riƙe zuciyarki. Gaskiya ne akwai cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, kuma in likita ya ga alama zai auna. In aka samu, ku ukun za a yi wa magani tare, ba tare da tonon silili ba. Amma abin da kika bayyana, ba ruwa, ba wari, ba ƙuraje, ya fi kama da abin da shekaru suka kawo, wanda da zai zo ko da ke kaɗai ce a gidan. Kalma ɗaya in ta fita a kan wannan zargi, shekara goma ba ta goge ta ba, kuma 'ya'yanku ne za su gaje ta. Maganar jifa kuma, ki yi azkar ɗinki, ki yi addu'a, ki sha tofi in kina so, ba wanda zai hana ki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ba ki wani ƙulli a ce ki cusa ko ki turara a wurin.

Shi kuma Alhaji, a duhu kika bar shi. Yana ganin kina janye jiki, bai san dalili ba, sai ya fassara da abin da ya fi kusa da tunaninsa, wato kishi ko ƙosawa. Mutumin da kuka yi shekaru talatin ko fiye tare, kika haifa masa 'ya'ya, ya cancanci ya ji daga bakinki. Ki zaɓi lokacin da ba na shimfiɗa ba, ki ce masa: "Alhaji, ba gudunka nake ba, ciwo nake ji, kuma an ce yana da magani. Ina so ka kai ni asibiti." Yawancin maza in aka ba su abin yi sukan sauko. Ku ɗan dakata da saduwa har raɗaɗin ya lafa, domin yi a kan ciwo yana ƙara tsaga fatar, yana kuma koya wa tsokokin wurin su riƙa ɗaurewa da kansu don tsoro, sai a samu ciwo biyu maimakon ɗaya. Ranar girkinki tana nan da hirarta da kusancinta ko ba wannan. In an fara samun sauƙi, a koma a hankali, da wasa mai tsawo, da man santsi na kemis marar turare irin K-Y Jelly, a sa shi da yawa ba ƙyashi. Irin masu ɗumama wuri ko masu ƙamshin 'ya'yan itace, ki bar su a kanta.

Yau da dare ki kwashe bagaruwar da kaskon tsugunon ki ajiye can nesa, ki yi tsarki da ruwa zalla, ki shafa Vaseline, ki kwanta da zane mai saki. Gobe da safe kafin ki karya, ki biya a auna miki suga. In kin ga likita, ki sake rubuto min abin da aka ce da maganin da aka ba ki, zan so in ji. Allah Ya ba ki lafiya, Hajiya, Ya bar ki da Alhaji da zuri'a cikin rufin asiri.